Taki Ɗaya Zuwa Ƙaura

Shinkafi, Laraba

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman kaɗaici? Da fatan kana lafiya. Inna lafiya lau, sai gwiwar nan tata da ke tashi in hadari ya haɗu. Ni ma lafiya, ƙafafuna ne kawai suka ƙi shiga takalmi.

Har yanzu ranar Juma'ar nan ba ta fita raina ba. Ina zaune gindin dalbejiya ina karanta maka babi na uku na labarin da nake rubutawa a waya, na kai daidai inda Nafisa ta ɗora hannu a kan ƙyauren, sai na ji ka yi shiru. Na ci gaba har shafi guda ina jin haushinka, wai ba ka yaba ba. Da na duba, babu sanda ko ɗaya a fuskar wayar. Na hau turmi na ɗaga ta sama. Inna ta fito ta dubi kajinta ta ce musu, "Ku hwaɗa ma mai hawan turmi ta sauka, ba ita ɗai ba ce." Sai da yamma muka ji an yanke sabis a jihar duka saboda 'yan bindiga, kuma ba a faɗi ranar dawowa ba.

Wata guda ke nan da aka kawo ni goyon ciki, kuma duk maganarmu da Inna ta bakin kajin nan take bi. Ban ga laifinta ba, ni ce 'yar fari, shekara ashirin da biyu ban taɓa jin Hamida a bakinta ba. Da Goggo Kulsumu da ta raine ni tana kusa, da ita za ta riƙa shiga tsakani, to tana Zurmi, ba waya ba hanya. Kai ne abokin hirata, kai ma an yanke ka.

Maiwada direba ya ce zai riƙa kai mana takarda. Yanzu sai an tara motoci sojoji sun raka su, kuma sai ranar da ya samu mai. An rufe kasuwa, Alhamis ta zo ta wuce garin shiru kamar ba Shinkafi ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Duk littafin da na karanta, in mutum ya ɓace a nan ya bayyana a can, aljani ne ya ɗauke shi ko boka ya ba shi laya. Ni ba na so. So nake Nafisa ta ƙera ƙofarta da kanta, da waya da batir da ilimi, ta shiga a zauren gidansu a Shinkafi ta fito a ɗakin mijinta a Ƙaura, taki ɗaya, ba Moriki ba daji. Amma ina so in ɗalibanka sun karanta kada su yi mini dariya. Kai da kake koyar da kimiyya, ka gaya mini: yana yiwuwa? In ta ɗauki kwanon tuwo, da zafinsa zai isa? Lallen hannunta zai bi ta? Abin da ya fi damuna, za ta iya zama biyu, ɗaya ta tsaya tana yi wa uwarta daka, ɗaya ta je wurin mijinta?

Littattafai huɗun da na zo da su na karanta kowanne sau uku. Sauran suna cikin kwali ƙarƙashin gadonmu. Wani lokaci sai in ji kamar in shiga motar Maiwada in zo in kwasa in dawo.

Talata ta sama zan koma awo. Wancan karon Sista Joy ta daɗe tana danna cikina, ta ce in dawo ta sake dubawa. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ka ci abinci, ban da rake da gyaɗa.

Taka,
Hamida

*

Ƙaura Namoda, Talata

Hamida,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso tana warin fetur da daddawa, na karanta ta a tsaye a tasha. Ina lafiya. A gaishe da Inna, a yi mata sannu da gwiwa. Makarantu a rufe suke, sai in je in sa hannu in dawo, ni da Malam Vincent mai lissafi mu zauna muna kallon juna. Maiwada ya ce ba shi da mai, ban san ranar da zai tashi ba, don haka ina da lokacin amsa ki da kyau.

Hanya biyu ce. Ko a ɗauki jikin Nafisa a kai shi Ƙaura, wannan sunansa mota, ko a bar jikin, a aika cikakken bayaninsa, a sake gina ta a can da kayan da ke can. Ta biyun ita ce ƙofarki. In bayanin ya cika, tuwon zai isa da zafinsa, domin zafi ba komai ba ne illa motsin ƙananan ƙwayoyin da aka yi tuwon da su. Lallen ma zai bi ta, ki kwantar da hankali.

Wahalar tana wurin cika bayanin. Jikin mutum ɗaya yana da ƙwayoyin zarra kimanin bakwai da sifili ashirin da bakwai a bayanta. Duk geron da aka noma tun da aka fara noma, in aka ƙirga shi ƙwaya ƙwaya, bai kama hanyar wannan adadi ba. Kowace sai an rubuta inda take da yadda take motsi. Kuma ga abin haushi: ba a iya sanin duka biyun daidai. Kin san yadda Inna take hana a taɓa ƙwaryar nono in an kwantar da shi? In kika sa ludayi don ki ga ko ya kama, kin riga kin fasa shi. Haka waɗannan ƙwayoyin suke, aunawa tana ɓata abin da ake auna.

Masana sun samu dabara guda, kuma sun gwada ta ta yi, har tsakanin ƙasa da tauraron ɗan'adam. Ana haɗa ƙwayoyi biyu tun farko har su zama kamar tagwaye, a bar ɗaya nan a kai ɗaya can. Ta hanyarsu ana iya ɗauke halin wata ƙwaya ta uku daga nan a ɗora wa tagwayen can. Amma ki lura da abu biyu. Ta nan ɗin tana rasa halinta a take, ba a samun kwafi biyu. Saboda haka Nafisa ba za ta zama biyu ba, in ta fito a Ƙaura to babu mai daka a Shinkafi. Na biyu, duk kusancin tagwayen nan, ba sa isar da saƙo su kaɗai. Dole wanda ke nan ya aika saƙo na yau da kullum, ta waya ko rediyo ko ma Maiwada, ya ce ga abin da na gani. In saƙon bai je ba, wanda ke can yana riƙe da abin a hannunsa amma bai san me ya riƙe ba. Shi ya sa ƙofar ba za ta taɓa wuce gudun haske ba. Kuma da ƙwayoyi ƙalilan aka yi wannan, ko ƙuda ba a taɓa aikawa ba, balle matar aure da kwanon tuwo.

Ga abin da zai sa ɗalibaina su girmama ki. Duniya tana juyawa gabas, kuma Ƙaura ta ɗan fi Shinkafi gudu saboda ta fi kudu. Na yi lissafin, Vincent ya duba: bambancin ya kusa taki guda a sakan. In Nafisa ta fito tana fuskantar alƙibla, za ta ji kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinta, ta tafi da baya. Ki sa mijin ya ajiye katifa yamma da ƙofar. A zauren da ta bari kuma, iska za ta rufto cikin gurbinta da ƙara kamar an tafa hannu, kajin gidan su watse.

Ki rubuta abinki. Ba na jin za a ƙera ƙofar nan a zamaninmu, amma in kin kiyaye waɗannan iyakoki, ba wanda zai ce kin yi ƙarya.

Yanzu maganar gaske. Duk abin da ya taso, kada ki hau hanyar nan. Babu wani abu a Ƙaura da ya kai wannan kasada. Ki zauna inda kike, Inna ta fi ni da ke sanin abin da ya dace.

Na ci tuwo jiya, matar Vincent ta aiko.

Mijinki,
Armiya'u

*

Shinkafi, Talata

Malam,

Sallama da gaisuwa. Kwana goma sha uku ke nan ba amsa, Maiwada bai dawo ba. Ina fatan lafiya ce. Inna lafiya. Ni kuma ban san me zan ce ba.

Yau na je awo. Sista Joy ta danna nan ta danna can, ta kama hannuna ta ɗora a gefen dama, ta ce, "Kin ji wannan mai tauri? Kai ne. Ƙafa tana wancan gefe. Yaronki ya kwanta a gicciye kamar maigida a kan tabarma." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce yana iya juyawa da kansa, da yawa suna juyawa, in dawo Talata mai zuwa. In bai juya ba, ba ya fitowa haka sai an yi aiki. Ta ce, "Kada ki jira naƙuda ta kama ki sannan a fara neman mota, a hanyar da ba a bi sai da rakiya. Mijinki yana Ƙaura, ki je can da ƙafarki tun da sauran kwana. In ta kama a wuce da ke Gusau, daga can ya fi kusa."

Na dawo na tarar Inna ta wanke babbar tukunyar wanka ta kife ta a rana. Ta sa an shafe ɗakin da zan zauna, ta tanadi kanwa, ta ware geron kunu daga sabon da aka yanko. Gwiwarta na ciwo amma da kanta ta yi yaɓen gadon ƙasa. Tun rasuwar Baba ban ga tana aiki tana 'yar waƙa ba sai kwanan nan. A gidan uwarta ta haife ni, ita ma uwarta haka. In na ɗauke haihuwar fari na kai gidan miji, ka san abin da unguwa za ta ce, wai ɗiyar Ramatu ta raina ɗakin uwarta.

Kuma ta yaya zan faɗa mata? Ban taɓa furta kalmar ciki a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta gani ba. Na tsaya a bayanta na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, gishiri ya ƙare." Ta ce wa kaji akwai a cikin gwangwani. In na bi ta wurin matar Kawu, kafin la'asar maganar ta zaga gari, Inna ta ji a bakin mutane, wannan ya fi muni.

Ina tsoron hanya, ina tsoron zama. Ka gaya mini abin da zan yi. Zan bar wannan a tasha wurin ɗan kamasho, duk motar da ta fara tashi.

Hamida

*

Shinkafi, Juma'a

Malam,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Jiya Maiwada ya yi sallama ya ce ga amsar Malam. Na shiga ɗaki na buɗe. Na rubuta maka cewa ɗanka ya gicciye, ka aiko mini da shafi huɗu na ƙwayar zarra da ƙwaryar nono da katifa. Na juya takardar ta baya ko akwai wani abu, babu. Sai a ƙarshe na ga amsata: duk abin da ya taso kada in hau hanya, babu wani abu a Ƙaura da ya kai kasadar, Inna ta fi mu sani.

Inna ba ta san komai ba, Malam, shi ne abin da na gaya maka.

A littattafan da kake tsokanata a kansu, miji yana jin irin wannan labari ya taho ko da ƙafa. Ban ce ka yi haka ba, ba na so ma. Layi ɗaya nake nema, ka ce ka ji tsoro kamar yadda na ji. Amma na ji, zan zauna. Ka ce matar Malam Vincent ta ci gaba da aiko tuwo.

Na rufe littafin rubutuna. Nafisa tana nan tsaye da hannu a kan ƙyaure, ta tsaya ɗin. Me amfanin ƙofar da ko ƙuda ba ta ɗauka?

Hamida

*

Ƙaura Namoda, Lahadi, 26 ga Satumba

Hamida,

Ki dubi saman takardar nan, na sa kwanan wata. Shekara shida ina bugun tebur ina cewa yara su rubuta kwanan wata kafin komai, ni kuma na aika miki da Talata tsirararta.

Wasiƙunki biyu jiya suka iso tare. Ta awon ba ta bar Shinkafi ba, tana ƙarƙashin littafin ɗan kamasho sai da Maiwada ya karɓo ta ranar da zai dawo. Tawa kuma na rubuta ta sati guda kafin ki je awon, ta kwana tara a cikin motarsa tana jiran mai. Amsar wasiƙarki ta farko ce. Abin da na ce bai kai kasada ba, kwalin littattafai nake nufi. Na fara buɗe ta Juma'ar, na karanta ban gane laifina ba. Da na buɗe ɗayar sai na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha, har wani mai lemo ya tambaye ni ko jiri ne.

Ga layin da kika nema: na ji tsoro, har yanzu ina ji. Ki yafe mini kwanakin da kika yi da wannan ke kaɗai.

Daga tasha na wuce gidan wani likita da muke sallah masallaci ɗaya. Na karanta masa abin da Sista Joy ta ce. Ya ce gaskiya ta faɗa, kuma aiki ne da suke yi kullum, uwa da ɗa su tashi lafiya in an zo kafin naƙuda. Abin da ba ya so shi ne a zo bayan an kwana ana fama. Ya ce har yanzu yaron yana iya juyawa, amma kada a jira a gani daga nesa.

Na tambayi direbobi kuma. Ba zan ce miki hanya lafiya lau ba, kin san ƙarya ne. Sun ce tun da aka fara rakiya ayarinsu bai gamu da komai ba, ana tashi da hantsi, ba a tsayawa sai Moriki. Na auna tsoron biyu, na hanya na awa biyu ne kuma da mutane kewaye da ke. Ɗayan ban san iyakarsa ba. Ra'ayina ki taho. Amma ke za ki zauna cikin motar, ke kika san Inna, ba zan yi miki umarni daga nan ba.

Ban isa in yi wa surukata wannan magana baki da baki ba, amma zan iya zuwa in samu Kawu, shi ya shiga wurinta. In ban ji daga gare ki ba kafin Alhamis, zan taho. Na juye wa Maiwada man babur ɗina don ya tashi gobe.

Akwai abin da ban gaya miki ba don na so ya zama bazata. Tun watan jiya nake tara itacen wankanki, kamar yadda ya hau kaina. Ba direban da ya yarda ya ɗauki lodin itace a hanyar nan yanzu, don haka yana nan jibge a tsakar gida, ya fi katanga tsawo. Kullum in na fito sai in tsaya ina kallonsa ina tunanin yadda zai je Shinkafi. Vincent ya ce in jira matata ta gama ƙera ƙofa.

Kada ki bar Nafisa a tsaye. Na karanta tambayoyinki ga Vincent da matarsa, sun yi gardama har abinci ya huce. Ita ta ce ba za ta shiga ƙofar ba ko an biya ta, don ba ta yarda wadda za ta fito can ita ba ce. Shi ya ce in dai wadda ta fito ta tuna inda ta ajiye makullinsa, ya karɓa. Ni ban da amsar wannan, kimiyya ma ba ta da ita. Ta marubuta ce.

A gaishe da Inna.

Mijinki,
Armiya'u

*

Shinkafi, Talata, 28 ga Satumba

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Wasiƙarka ta same ni jiya. Na yafe, kai ma ka yafe maganar tuwon, a gaishe da matar Malam Vincent. Muna lafiya, ni da Inna da mai kwanciyar tabarma. Na je awo da safe, bai juya ba.

Kada ka taho ranar Alhamis. Karanta ka ji.

Da na huce na sake ɗauko shafi huɗun nan naka, don ba ni da wani abin karantawa. Na tsaya a wurin tagwayen, inda ka ce duk kusancinsu sai wani ya aika saƙo na yau da kullum, in ba haka ba na can yana riƙe da abu bai san me ya riƙe ba. Na karanta wurin sau uku. Daga nan na ji kunyar in sa ka ratsa dajin nan ka je wurin Kawu, Kawu ya zo wurin Inna, alhali tsakanina da ita taki biyar ne.

Bayan azahar tana sheƙar gero a tsakar gida. Na je na tsaya gabanta, ba bayanta ba. Na ce, "Inna." Ta dubi kaji ta ce, "Mi taka so kuma?" Na ce, "Ba da kaji nake ba, da ke nake." Ban san inda na samo wannan ba. Na runtse ido na faɗa mata duka, da sunan komai, yadda Sista Joy ta faɗa.

Ta ajiye faifan. Na fara tunanin in gudu ɗaki. Sai ta share hannu a zaninta, ta matso ta ɗora shi a gefen damana, daidai kan, ba tare da ta lalube ba. Ta ce, "Na sani. Sati biyu ke nan ina kallon tahiyarki."

Malam, ta sani. Ta ce wanda ya biyo ni haka ya zo, kwana biyu tana fama, bai zo da rai ba. Ban taɓa jin an yi wani tsakanina da ƙanwata ba. Tun da ta gane, kullum sai ta yi niyyar magana bakinta ya ƙi, sai ta je ta ƙara wanke tukunya. Har wurin tsohuwar ungozoma ta je a ɓoye, ita ma ta ce a kai asibiti. Gida ɗaya, abu ɗaya a ranmu, kowa tana jiran kaji su faɗa.

Na ce mata Ƙaura za a je. Ta ce, "To wa zai miki wankan? Malamin?" Na ce ita. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ni in kwana gidan suruki? Ina aka taɓa?" Na ce ai Malam ba ya gidan, ya koma zauren Malam Vincent har arba'in. Ka ji, na riga na tashe ka, ka fara ɗaure tabarmarka. Ta ce itace fa. Na ce ka tara ya fi katanga. Ta ce wane iri, na ce ban sani ba. Ta ce, "Ɗan boko. Ƙila ɗanye anka sayar mai." Ka duba, in ɗanye ne ka baza shi a rana kafin ta gani. Ta tambaya ko akwai dalbejiya kusa, na ce akwai a ƙofar gida. Gadon ƙasa ne kawai ta ce ba ya ɗaukuwa, ta dubi ɗakin da ta shafe, na ga idonta ya kawo ruwa. Sai ta ce ai ƙasa ko'ina akwai, hannun da ya yi wancan shi zai yi wani.

Maganar unguwa kuwa, ta ce duk mai magana ta zo ta same ta.

Ba ta kira sunana ba, kada ka sa rai, a littafi ake haka. Amma da za ta tashi ta ce, "Ke, kama mini tukunyag ga," tana kallon idona.

Tukunyar da buhun gero da kanwa za su biyo Maiwada gobe tare da wannan takarda, ka je tasha ka karɓa. Mu sai Inna ta yi sallama da Kawu ta kai masa ajiyar kajinta. Maiwada ya ce zai ajiye mana gidan gaba, in zauna da filo.

Na buɗe littafin rubutuna. Nafisa ta gane ba za ta zama biyu ba, don haka kafin ta tura ƙyauren sai da ta koma cikin gida ta faɗa wa uwarta inda za ta. Ta shiga, iska ta tafa, kaji suka watse, ta fito a Ƙaura ta tafi da baya ta faɗa kan katifa. Ko ita ce ko wata ce, ban yanke ba tukuna, na bar shi sai babi na huɗu. Ka fito mini da kwalin nan daga ƙarƙashin gado ka kakkaɓe.

Ina tsoron hanyar har yanzu, ba zan ɓoye maka ba. Tamu ƙofar awa biyu ce, da daji a tsakiya. Ka yi mana addu'a, ka sa a yi a masallaci.

Ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu, ni da Inna za mu shiga motar Maiwada. A Ƙaura zan haihu.

Taka,
Hamida